Shawara Gare Ta

Ranar sadakar uku, da hantsi, ina durƙushe a tsakar gida ina zuba masa cikin akussa, sai ƙamshin man gyaɗa ya bugi hancina, zuciyata ta tashi. Ni da ke satar masa tun tana cikin tanda, ranar ko kallonta na kasa. A daidai lokacin ne wata maƙwabciyarmu, tana zaune cikin masu gaisuwa, ta sake ɗauko maganar da ake ta yawo da ita a gidan game da ni tun da Kaka ta cika.

"Ai ta yaba ta kahin ta tahi," in ji ta. "Tak kama haɓarta, tad dube ta ido cikin ido, tac ce, wagga ɗiya shawara gare ta."

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Wata ta ce, "Allah sarki, ga shi ko kullum cikin zagin karatun nan nata take." Wata ta ce ai daman tsohuwar ta san jikarta mai hankali ce, faɗi ne kawai ba ta yi. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta share hawaye ta ce ita ce shaida, a gabanta aka yi.

Na ji maganar nan ba sau ɗaya ba, kuma duk jin da na yi sai daɗi ya ratsa ni cikin kuka. Amma wannan karon, da tashin zuciyar nan a ƙirjina, sai kalmar ta juyo mini da ɗaya fuskarta. Shawara a bakinmu abu biyu ce. Akwai wadda ake ba mutum in ya rasa yadda zai yi. Akwai kuma ciwon da ke rina farin ido ya koma rawaya, wanda ya kashe mahaifiyata tun ban san fuskarta ba.

Na ajiye akushin, na shiga ɗaki na ɗauko ɗan madubin da na zo da shi daga makaranta, na zaga bayan ɗaki inda rana ta fi haske. Na ja fatar idona ƙasa da yatsa, yadda na sha ganin Kaka tana yi wa matan unguwa. A ƙarƙashin jan kuka da kwalli, ga shi nan. Ba yabona ta yi ba. Duba ni ta yi, aikinta na ƙarshe a duniya, kuma ba wanda ya gane.

Ina rubuta wannan ne launin hannuna bai gama komawa daidai ba. Har yanzu in na farka, kafin in yi alwala sai na nemi madubi. Masu gaisuwa sun watse, an naɗe tabarmi, an raba tufafinta. Abin da suka tafi da shi na tunawa da ita kuwa magana ce da suka ji a karkace. Ina tsoron in na yi shiru, ita kaɗai za ta rage. Allah ya jiƙan uwar mahaifina, ya yalwata mata makwanci. Ga abin da na sani game da ita.

Ba 'yar birni ba ce. Daga kudu aka auro ta, can ƙasar duwatsu da jan tsakuwa, ta shigo Sakkwato tun kafin zuwan Turawa, ta zauna a gidan nan na Ƙofar Dundaye har ta tsufa. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, mai saurin fushi, ba ta iya zama hannu sake. Duk Alhamis sai ta tafi Hubbare ziyara da ƙafa, in ta dawo ta yi ta ƙorafin cewa matan yanzu surutu ke kai su, ba addu'a ba. Tafin hannunta kullum a rine yake da wani launi tsakanin ja da ruwan ɗorawa. Baƙo zai ce lalle ne. Ba lalle ba ne, saiwar rawaya ce.

Mutane da yawa a birnin nan sun ci rawaya ba su taɓa ganinta ba. Garinta ne ake sayarwa a kasuwa, wanda muke ce wa kwata, a barbaɗa a miya ta yi kyan gani ko babu manja. Itacen kansa a dajin kudu yake. Da damina yakan fito da 'yan sanduna da ba su wuce gwiwa ba, ganyensa a rarrabe kamar yatsun hannu. Da lokacin kaka ya wuce sai ganyen ya bushe, sandunan su karye, wurin ya koma kamar ba a taɓa yin komai ba. Duk ran itacen yana ƙasa, cikin wata saiwa mai kauri wadda in an sare ta cikinta ke rina wuƙa. Furen kuwa da rani yake fitowa, babu ganye babu kara, kwance a kan ƙasa kamar wani ya yar da shi, mai faɗin tafin hannun yaro, rawaya shar, tsakiyarsa cike da siraran gashi.

"Huren da ganyen ba su taɓa gaisawa," haka Kaka ke cewa. "Wanda yas san ɗaya bai san ɗaya ba, sai ya wuce ta da ƙahwa."

Tun ina ƙarama take kirana Mallama, da tsokana. Da Baba ya sa ni makarantar 'yan mata da Turawa suka buɗe, sai sunan ya ƙara nauyi a bakinta. Rubutunmu ta ce rubutun bahago ne, tunda daga hagu yake farawa. Wata rana na ba ta labarin furannin da Baturiyar makarantarmu ta shuka a jere a bakin ofis, ana ba su ruwa safe da yamma.

"A ci su?"

"A'a, Kaka."

"A sha?"

"Kallo kawai ake yi."

"To, Mallama, ki gaishe min da ita, ki ce ina da jikanya irin hakan ga. Ita ma ruwa nika ba ta sahe da marece, kallo kawai nika yi."

Na yi fushi ranar. Da dare ya yi kuma na tarar ta ajiye mini ƙanzon tuwo a jiƙe, wanda ta san ina so.

Yadda rawaya ta zo gidanmu, Gwaggo ce ta ba ni labari, don Kaka ba ta taɓa ɗauko zancen ba. Lokacin da shawara ta kama mahaifiyata, Baba yana kan hanyar kudu da shanu, don fataucinsu ne sana'arsa. Kaka ta ce ɗanyar saiwa ake bukata, wadda aka tono yau aka jiƙa yau. Babu ita a duk birnin. Garin kasuwa ta samu, wanda ya sha rana ya sha hanya, ta yi ta dama wa surukarta. Baba ya dawo ya tarar an yi sadakar bakwai. Da ayari na gaba ya tashi, sai Kaka ta ɗaura ɗamara ta ce da ita za a je. Aka yi aka yi ta ƙi. Ta bi fatake da ƙafa har ƙasarsu, ta dawo da saiwoyi a cikin ƙwarya, da ƙasar da ta tono su a ciki, da tsakuwar wurin a buhu bisa jaki. Ta binne su a filin bayan gidanmu inda ake ɗaure shanu kafin ranar kasuwa. Duk suka ruɓe sai guda. Ƙasarmu yashi ce, ba irin tata ba ce.

Gudar nan ita ta zama abin tattalinta. Ba ta kewaye ta ba, ba ta kafa mata alama ba, kuma ba ta tonon ta a gaban kowa. Ta ce in mutane suka san wurin, ranar da ba ta nan mai ciwo zai zo ya tumɓuke ta duka, kuma ba za ta ga laifinsa ba. Ita in ta tona, gefe take yanka, ta bar kan, ta mai da ƙasa ta daddanna da diddige. Da ɗan wannan yankin ta yi wa mata da yawa magani. Za ta kama haɓar mace, ta juya ta wajen haske, ta ja fatar ido. In ta ga abin sai ta tambaya, "Kina son mai?" In aka ce a'a, sai ta ce a koma gida, za ta aiko. Ba ta karɓar ko goro. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. In an zo mata da godiya sai ta ce a kai wa Mai ita, in an zo da labarin mutuwa sai ta wuni ba ta ci abinci ba.

Rigimarta da Baba ma a kan rawayar nan aka yi. Shekaru tana ganye ba ta fure. Kaka ta ce a daji wutar mafarauta ce ke tashe ta, sai an ƙone ciyawa toka ta kwanta sannan take leƙowa. Wani rani, ba ta gaya wa kowa ba, ta watsa kara da busasshiyar ciyawa a filin ta kunna. Iska ta juya. Wuta ta cinye zanan da ya raba mu da maƙwabta, ta lashe harawar da Baba ya tara wa shanu, ta kusa kama rumbu. Unguwa ta fito da tuluna. Ina 'yar ƙarama amma ina tuna Baba tsaye cikin hayaƙi, rigarsa baƙi ƙirin, yana magana da uwarsa da muryar da ban taɓa jin ya yi mata ba.

"Inna, don hure? Don hure za ki ƙone muna gida?"

"Don hure," in ji ta. Ko gezau.

"Wallahi, in dai ina raye, ba a ƙara kunna wuta a hilin nan."

"Ka rantse?"

"Na rantse."

"To ka ji da kayanka. Rantsuwa ba ta da nauyi sai ranar sauke ta."

Bayan 'yan kwanaki furanni suka fito cikin toka. Ta kama hannuna ta kai ni, mu biyu kaɗai. Sau ɗayan nan ne na taɓa ganinsu a rayuwarta. Ban riƙe wurin ba, furen na riƙe. Ita da Baba kuwa sun daɗe gaisuwa ce kawai ke haɗa su, har sai da ya dawo daga wata tafiya ya ajiye mata sabon zane a ƙofar ɗaki bai ce komai ba. Ta ɗaura washegari, ita ma ba ta ce komai ba. Tun daga nan ba a sake ƙona filin ba, rawaya ba ta sake fure ba. Kaka ba ta bukatar fure don ta gane wurinta.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Zazzaɓi ne da tari. Na dawo hutu na tarar da ita kwance, na zauna ina yi mata fifita. Ranar da za ta cika, da la'asar, ta ce a ɗaga labulen ƙofa. Ta miƙo hannu ta kama haɓata, ta jawo ni kusa, ta daɗe tana kallona. Sai ta juya wajen Gwaggo ta faɗi maganar nan. Ta so ta ƙara wani abu, tari ya sarƙe ta. Gwaggo ta fashe da kuka tana cewa, "Kin ji, ta yaba ki." Ni ma kuka na yi. Na ɗauka a ƙarshe ta yafe wa rubutun bahago.

Da na fito daga bayan ɗaki da madubin a hannu, Gwaggo na fara nema. Na ja ta gefe na nuna mata idona. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

"Wayyo ni. Hwaɗa min ta yi. Ni tah hwaɗa ma, ni ko nab bi gida ina yi maki guɗa da ita."

Daga nan kwanakin suka cakuɗe mini. Jikina ya mutu, ko ruwa na sha sai ya dawo. Idanuna suka rine, sannan tafin hannuna, har ya zama in na ɗaga shi sai in ga kamar nata. Aka ɗauke ni aka kwantar a ɗakin Kaka, a kan gadon da ta cika. Masu zuwa gaisuwar mutuwa suka koma leƙo ni. Ina jin su suna rage murya a bakin ƙofa. "Irin na uwarta na." Ɗaya ta ce tsohuwar ce ba ta son tafiya ita kaɗai. Baba ya je asibitin Turawa ya dawo da wani farin ruwa a kwalba, da saƙon cewa in kwanta, in guji mai, sauran sai abin da Allah ya yi. Gwaggo ta sayo kwata a kasuwa tana dama mini. Ina sha ina sane da wadda aka taɓa dama wa irinsa a gidan nan.

Suka shiga neman saiwar. A lokacin ganyenta ya riga ya bushe, shanu sun tattake filin, ba abin da ake gani sai turaka da kashin shanu. Baba ya tona nan, ya tona can. Gwaggo ta ce kusa da katanga ne, maƙwabciya ta ce ta taɓa hangen Kaka durƙushe wajen magarya. Suka zo suka tambaye ni. Na ce ina ƙarama aka kai ni, abin da na tuna toka ce da fure. Da na faɗi haka kowa ya san abin da ya rage.

"Sai an ƙone," na ce.

Baba yana tsugune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Gwaggo ta ce, "Yaya, ka ji." Ta ce, "Yaya, kaffara ai an yi ta don irin wagga rana." Ya tashi ya fita.

Da yamma na ji ana kwance shanu ana fitar da su. Na ji ana jan kara. Maƙwabta suka tsaya da tuluna a bakin zana. Gwaggo ta ce Baba da kansa ya ɗebo garwashi a murhu, ya ƙi kowa ya karɓa, ya durƙusa ya hura. Hayaƙin ya shigo har inda nake. Washegari ya ciyar da miskinai a ƙofar gida, mutane suka ɗauka sadakar mamaciya ce.

Sai jira. Ban san jira mai muni irin wannan ba. Ba wanda ya san ko saiwar na raye, ko shanu sun kashe ta, ko ma fartanyar Baba ta sare ta bai lura ba. Kullum da safe ina jin takunsa ya zaga baya, in ji ya dawo. Daga yadda yake jan takalmi nake gane amsa. Na daina tambaya. Na fara lissafin wanda zai ɗauki littattafaina, da wadda za ta yi mini wankan gawa tunda Kaka ce ke yi wa matan unguwa. Na roƙi Gwaggo gafara. Ta ce in rufe mata baki, sannan ta fita ta yi kukanta a madafa inda take zaton ba na ji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Kaka ta ga ciwon tun yana ɗanye, ta faɗa da sauran numfashinta, muka mai da shi kirari.

Ranar da furen ya fito ba na cikin hayyacina, sai daga baya aka gaya mini. Ba kusa da katanga ba ne, ba wajen magarya ba. A tsakiyar fili ne, dab da turken babban sa, inda kowa ke takawa. Gwaggo ta ce Baba ya tsaya a kansa kamar wanda aka kira sunansa. Sai ya kama tono. Da saiwar ta bayyana ta ce masa, "Yaya, gehe Inna ka yanka. A bar mata kai."

"Ita ka da kai? Ɗiyata hwa?"

Ya tumɓuke ta duka. Ya sassare ta gunduwa-gunduwa, ya ce a jiƙa, in ta ƙare a sake jiƙawa, kada a rage ko ɓawo. Abin da Kaka ta yi shekaru tana ɓoye wa mutanen waje, ɗanta ne ya yi shi, kuma na san da tana nan ba za ta ga laifinsa ba.

Na sha jiƙon, da tsamiya a ciki, mai ɗaci da ƙamshin ƙasa. Ban ce shi ya tashe ni ba. Wataƙila farin ruwan kwalba ne, wataƙila kwanana ne bai ƙare ba. Kaka ma ba ta taɓa cewa ita ke warkarwa ba. Na dai san amai ya tsaya, na fara riƙe kunu, wata rana kuma na ji ana suya a maƙwabta ban toshe hanci ba.

Da hantsin wata Alhamis Gwaggo ta tallabe ni ta fito da ni. Ba ta tsaya a tsakar gida ba, ta zaga da ni baya inda haske ya fi. Filin baƙi ne har yanzu. A tsakiyarsa ga ramin, ba wanda ya mai da ƙasarsa. A bakin ramin furannin da Baba ya watsar sun bushe sun nannaɗe cikin toka. Babu kai, babu gefe. Wadda ta san yadda ake sa ta kama a ƙasarmu tana kwance a maƙabarta, ita kuma saiwar da ta bi ayari da ƙafa ta ɗauko, tana cikina.

Gwaggo ta kama haɓata. Hannunta ya rine da rawaya har wuyan hannu. Ta juya ni wajen rana, ta ja fatar idona ƙasa, ta duba dama, ta duba hagu. Baba yana tsaye daga nesa, ya kasa matsowa.

"Mi kig gani?" in ji shi.

Ba shi ta amsa wa ba. Ni ta kalla.

"Ya yi hwari," ta ce. "Kin tsira, Mallama."

Ba wanda ya taɓa kirana da sunan nan sai mutum ɗaya. Na waiwaya wajen ƙofar ɗakinta kafin in tuna.